Taron masu rubuta manhajar zane a Kaduna: mun kai, ko mu dakata?

DanTudunWada:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce gara in kawo shi nan. Duk taron fasahar da na halarta a garin nan, maganar ba ta wuce gina shafin intanet da manhajar waya, kwanan nan kuma ƙirƙirarriyar basira. Ban taɓa zama inda aka buɗe maganar abin da ke gudana a cikin katin zane ba, wato GPU, ko yadda ake rubuta kod ɗin da zai sa kwamfuta ta zana gini ko mutum mai motsi. A waje suna da SIGGRAPH, babban taron masu zanen kwamfuta, duk shekara, masu manhajar zane ta Blender na haɗuwa a Amsterdam, Nvidia mai ƙera katin zane na da nata taron GTC. Shin mu a Kaduna mun kai mu shirya namu, ko na yini ɗaya ne, na masu rubuta manhaja don manyan kwamfutocin zane? Kuma mu nawa ne ma? Ni dai mutum huɗu na sani, har da ni.

Baban_Hanif:
Wa alaikumus salam. Niyyar tana da kyau, amma ina ganin da saura. Da wace na'ura za a yi taron? Yawancin yaran da ke cikin wannan zaure laftof ɗinsu ko katin zane na daban ba ta da shi. Ka tara su ka nuna musu abin da ba za su iya maimaitawa a gida ba, sai su koma da sanyin jiki. A fara neman kayan aiki, taro ya biyo baya.

UmmiZane:
Malam DanTudunWada ka mayar da lissafinka biyar. Ina yi wa masu zanen gine-gine hoton yadda gida zai kasance kafin a aza tubali, kuma da yaren kod na Python nake rubuta ƙananan kayan aikina a cikin Blender. Akwai wata ƙawata a Zariya da ke irin wannan, shida ke nan. Ina ganin muna da yawa, kowa dai yana ɗakinsa ne bai san da ɗan'uwansa ba.

Yakubu_Sabo:
Bakwai. Wasannin waya nake yi da manhajar ƙera wasa ta Godot.

Injiniya_Malali:
Bari in ɗan tsawaita, ku yi mini haƙuri, don maganar Baban Hanif ta tuna mini da baya.

Ƙarshen shekarun 1990 na yi aiki a Legas da wani kamfani mai nazarin bayanan ƙarƙashin ƙasa don masu haƙar mai. A can na fara zama gaban kwamfutar Silicon Graphics. Ɗakin da take yana da sanyi kamar firji, ba a shiga da takalmi mai ƙura, kuma sai an rubuta sunanka da awannin da za ka yi. Da ka kama linzami ka juya taswirar ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfi, ta juya nan take ba tare da tsaiko ba, sai da tsigar jikina ta tashi. A lokacin kwamfutar ofis ko hoto ɗaya mai nauyi sai ta yi nishi kafin ta buɗe.

Jim Clark, malami a Jami'ar Stanford, shi ya kafa kamfanin Silicon Graphics farkon shekarun 1980. Suna da tsarin gudanarwarsu mai suna IRIX, suna da nasu yaren umartar na'urar zane mai suna IRIS GL, wanda sai a kan injinansu yake aiki. A 1992 suka gyara shi suka fitar da shi a matsayin OpenGL, suka zauna da DEC da IBM da Intel da Microsoft aka kafa kwamitin da zai riƙa kula da shi. Daga nan duk wanda ya rubuta manhaja da OpenGL, za ta iya tashi a na'urar wani kamfanin.

To ina kamfanin yake yau? Katunan zane masu araha na kwamfutar gida suka cinye masa kasuwa. Ya shiga fatarar kuɗi a 2006, ya sake shiga a 2009 aka sayar da shi. Amma OpenGL na nan, ƙungiyar Khronos ta karɓi ragamarsa tun 2006, kuma reshensa na OpenGL ES yana cikin wayar da kake karanta wannan saƙon da ita. Ƙarfen ya tafi, abin da masu rubuta manhaja suka zauna suka amince a kai ya rage. Shi ya sa ba na tare da kai Baban Hanif. Laftof mafi rauni a wannan zaure ta fi waccan na'urar da muke layi a kanta ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da yaranmu suka rasa shi ne wanda zai zauna kusa da su ya nuna musu.

Baban_Hanif:
Ranka ya daɗe Injiniya, na ji, kuma ba na ja da tarihin. Amma aikin da ake biyan kuɗi a kai yau ba na 1998 ba ne. Mai gida zai ce yana son bidiyon minti biyu na rukunin gidajensa, da hasken rana da inuwa da gilashi mai ɗaukar ido. Wannan ba laftof ɗin ɗalibi za ta yi ba.

UmmiZane:
Wannan gaskiya ne, amma abu biyu ake haɗawa. Fitar da hoton ƙarshe shi ke cin ƙarfi. Koyon yadda ake rubuta kod ɗin ba ya ci. Na fara ne da tsohuwar laftof ɗin yayana, kuma a kanta na gane yadda ake juya abu da lissafin matiriks. Babbar na'ura ta zo ne bayan shekara biyu, da kuɗin aikin da ƙaramar ta kawo.

Abba_Kadpoly:
Ni ɗalibi ne. Don Allah in za a yi, a fara daga tushe. An koya mana aljabarar matiriks a aji, mun ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa ce mana da ita ake matsar da abu a fuskar kwamfuta. Sai da na gani a YouTube na riƙe baki. Da a ce ranar farko malami ya nuna mana akwati yana juyawa ya ce ga abin da wannan lissafin ke yi, da ba a guje wa darasin ba.

Kodar_Rigasa:
In za a koyar, kada a ɓata lokaci a kan OpenGL. Ya mutu. Vulkan, sabon yaren umartar katin zane, shi ake yi yanzu.

Yakubu_Sabo:
Kodar Rigasa, "ya mutu" ya yi tsauri. Gaskiya ne sigarsa ta ƙarshe 4.6 ce, tun 2017, kuma Apple ta sanar a 2018 cewa ta daina ci gaba da shi ta koma Metal ɗinta. Vulkan kuma ya fito a 2016 kuma can aka dosa. Amma ka taɓa zana alwatika ɗaya da Vulkan? Ni na yi. Sai da na rubuta layi kusan dubu kafin in ga launi a allo, don komai kai za ka tsara da hannunka, daga zaɓen kati har rabon ma'adana da jeren umarni. A OpenGL shafi biyu ya isa. Wanda bai taɓa yi ba ka fara masa da Vulkan, ba zai dawo zama na biyu ba.

Sannan ka dubi wayoyin da ke hannun mutanenmu. Ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi ka ga abin da ake saye, Tecno ne da Infinix da itel, da yawansu masu ƙaramin katin Mali ko PowerVR. Godot 4 da ya fito a 2023 da Vulkan ya zo, amma sun bar hanya ta biyu mai aiki da OpenGL don irin waɗannan na'urori. Wasan da na fitar, sai da na koma waccan hanya ta biyu kafin ya daina tsayawa a wayar ƙanwata.

Kodar_Rigasa:
To na janye kalmar. Amma wanda ke neman aiki a kamfanin waje, Vulkan ko DirectX 12 za a tambaye shi. A sa zama ɗaya ko na awa guda ne don waɗanda suka riga suka yi nisa.

Hajiya_Fonts:
Kuna ta maganar kati da ƙarfi, ni ga abin da ke damuna, kuma ba wanda zai tattauna mana shi a Amsterdam ko Amurka. Haruffanmu. Na yi wa wata makarantar Islamiyya ɗan bidiyon koyar da yara, da rubutu mai kauri yana shawagi. Na rubuta "ƙofa" da "ɗaki" da "ɓera", sai ga ƙananan akwatuna a wurin ƙ da ɗ da ɓ, don salon rubutun da na zaɓa ba shi da su. Haruffan suna cikin Unicode, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, amma masu ƙera salon rubutu da yawa ba sa zana su. Wannan mai sauƙi ne, ka canza salo. Ajami ne babbar wahala. Da na sa shi a rubutu mai kauri na Blender, a sigar da nake da ita, haruffan suka fito a warwatse ba su haɗu ba, kuma suka taho daga hagu. Sai da na shirya rubutun a Inkscape, na mayar da shi zanen layi, sannan na shigo da shi. Kowace kalma haka. Kalma sittin da wani abu.

Injiniya_Malali:
Hajiya kin taɓo inda ya dace. Wannan aikin masu rubuta manhaja ne tsantsa. Harafin Larabci siffarsa na canzawa gwargwadon inda ya faɗo, farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, don haka ana buƙatar wani shiri da zai zaɓi siffar da ta dace ya jera su kafin a zana. HarfBuzz ke wannan aikin a Chrome da Firefox da Android, FreeType kuma ya mayar da siffar ɗigo-ɗigo. Dukkansu a buɗe suke, kyauta. Kuma ƙungiyar SIL ta fitar da salon rubutu mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Ajami irin na Kano, akwai kuma wani mai suna Harmattan. Abin da ya rage shi ne wani ya zauna ya haɗa su da Blender ta hanyar ƙaramin kari na Python. Mutum uku da suka san abin da suke yi za su iya fara shi a yini ɗaya.

UmmiZane:
Ni zan shiga wannan. Hajiya ki turo mini kalmomin da suka ba ki wahala in gwada da su.

DanTudunWada:
Kun ga abin da nake nufi ko? Saƙonni kaɗan, har an samu aikin da ba wanda zai yi mana shi.

Baban_Hanif:
An samu aiki a nan cikin zaure, ba tare da an kama ɗakin taro an sayi man janareta ba. Wannan hujjata ce, ba taka ba.

Sani_Gyara:
Ni ba mai rubuta kod ba ne, gyaran kwamfuta nake yi a kusa da titin Ahmadu Bello, amma irin na'urorinku a hannuna suke ƙarewa, don haka ku ba ni dama. In za ku yi taro, ku ware lokaci a yi maganar ƙura da zafi da wuta. Waɗanda suka ƙera waɗannan injina ba da hunturunmu suka gwada su ba.

Watan Janairun da ya wuce wani yaro ya kawo mini tasa, yana cewa kati ya lalace, aikin da yake gamawa a minti ashirin ya koma awa guda. Da na buɗe, ƙura ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya kati ta zama kamar auduga, ja-ja-ja, har fanka ɗaya ta daina juyawa. Katin lafiyarsa ƙalau. In zafinsa ya haura digiri 80 da ɗoriya, shi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Na hure ƙurar, na goge busasshen man da ke tsakanin kati da ƙarfen na sa sabo, aiki ya dawo yadda yake. Shawarata, daga Nuwamba zuwa Fabrairu a buɗe a hure duk bayan mako biyu ko uku, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada ta yi ta juyawa da ƙarfi, kuma kada a ajiye na'ura a ƙasa. Daga Maris zuwa Afrilu kuma, manyan ayyuka a bar su sai dare.

Abba_Kadpoly:
Allah ya saka da alheri Malam Sani. Tambaya, inbata da batir ɗaya zai riƙe irin wannan na'ura?

Sani_Gyara:
Yi lissafi da kanka ƙanena. Katin zane RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170 in yana cikakken aiki. Ka haɗa da sauran na'urar da allo, ka ce wat 300 zuwa 350. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2400 a rubuce, amma in na ruwa ne ba a so ka sha fiye da rabi, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saura 1200, inbata ma ta ci nata. Awa uku ke nan, da kyar. RTX 4090 kuwa wat 450 yake ja shi kaɗai, wannan sai mai sola ta gaske.

UmmiZane:
Shi ya sa ba na fitar da bidiyo kai tsaye. Ina sa Blender ya ajiye kowane hoto daban-daban, daga baya in haɗa su. Akwai daren da aka ɗauke wuta ina hoto na 412 cikin 600, batir ya ƙare kafin asuba. Da safe daga 413 na ci gaba. Da fayil ɗin bidiyo guda nake fitarwa, da aikin dare gaba ɗaya ya tafi. Yanzu har na rubuta ɗan kod da ke duba babban fayil ya gano inda aka tsaya ya ɗora da kansa da zarar na'ura ta tashi. Irin wannan nake so in nuna a taro, in kuma ga dabarun wasu.

Kodar_Rigasa:
Wannan kod ɗin ina so don Allah.

Mustafa_ABU:
Daga Zariya nake bin ku. Game da kuɗin na'ura da Baban Hanif ya kawo, a tuna tarihin Blender kansa. A Amurka aka fara shi a kan injinan Silicon Graphics masu tsada, yau ga shi kyauta a hannun kowa.

Injiniya_Malali:
Ɗan gyara Mustafa. A kan Silicon Graphics aka fara shi, wannan haka ne, amma a Holan, ba Amurka ba. Ton Roosendaal ne ya rubuta shi a 1994 don amfanin kamfaninsu na zane. Da kamfanin da ke riƙe da shi ya durƙushe, masu amfani da shi suka yi karo-karo a 2002, suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanshe shi aka sake shi ga kowa. A shekarar aka fara taronsu na Amsterdam. Shi ma SIGGRAPH da ya zama gagarumi, a 1974 aka fara shi a garin Boulder na jihar Colorado, lokacin da masu wannan sana'a a duniya 'yan ƙalilan ne.

Mustafa_ABU:
Na gode da gyara Baba. Mu daga Samaru za mu iya cika mota ɗaya, in dai ranar Asabar ce kuma za a tashi da wuri mu kama hanya kafin duhu.

Yakubu_Sabo:
Asabar ta fi mana mu ma, Lahadi muna coci. Kuma don Allah a samu wuri a tsakiyar gari, kada na Sabo da Barnawa su ga ya yi musu nisa, na Kawo da Rigasa su ma haka.

Hajiya_Fonts:
A kammala kafin magariba, a tanadi wurin salla da na alwala na mata. In aka ce sai dare, mu da yawa ba za a bar mu mu zo ba. Sannan da wane harshe za a yi? Ni na fi son Hausa. Na sha zama a taro inda yaro ya san amsa amma ya yi shiru don tsoron kada a yi wa Turancinsa dariya.

Kodar_Rigasa:
Kod ɗin da takardun bayaninsa duk da Turanci suke. In an fassara komai za a rikita mutane, kowa ya ƙirƙiro tasa kalmar.

Hajiya_Fonts:
Ba fassara sunaye nake nufi ba. A bar sunan abu yadda yake a kod, bayanin a yi shi da Hausa, yadda Malam Sani ya yi mana bayanin batir yanzu. Akwai wanda bai gane ba?

Yakubu_Sabo:
A bar mai magana ya zaɓa, mai tambaya ma ya yi da wanda ya fi masa sauƙi. Haka muke hira a garin nan dama.

Baban_Hanif:
Har yanzu ina kan bakana cewa kalmar "taro" ta yi girma. In kun kama babban ɗaki kun buga sanarwa, za a cika da masu neman takardar shaida da hoto, masu aikin gaske su rasa wurin zama. Na ga an yi haka ba sau ɗaya ba. In dai za ku yi, mutum ashirin, kowa da na'urarsa, ba dogon jawabin buɗewa, ba babban baƙo. Kuma wanda zai yi magana ya nuna abin da ya rubuta da hannunsa yana aiki, ko da ya lalace a gabanmu a gyara tare. In haka ne, ina da majigi da doguwar wayar wuta, zan kawo.

DanTudunWada:
Baban Hanif wannan ai shi nake nema tun farko, sunan ne kawai ya raba mu. Amma ashirin ta yi kaɗan in 'yan Zariya za su cika mota, ga 'yan Kadpoly da KASU. Me zai hana safiya ta zama ta masu farawa, a zana alwatika da akwati mai juyawa da WebGL, wato reshen OpenGL mai aiki a cikin burauza, tunda wannan kowace laftof za ta iya ba sai an saka komai ba, bayan azahar kuma a rabu, masu Ajami gefe, masu Vulkan gefe?

Baban_Hanif:
In aka haura talatin ba za a iya duba allon kowa ba. Ku yi tunani a kai.

Abba_Kadpoly:
Mu ko a tsaye ne za mu kalla, don Allah kada a rufe mana ƙofa.

Kodar_Rigasa:
Ina da kwamfutar HP Z440 ta gwanjo da na sa wa RTX 3060, zan kawo ta duk mai so ya gwada kod ɗinsa a kai. Sai dai tana da nauyi, ga allo ga UPS, ba zan iya haɗa su a keke napep ba tun daga Rigasa. Wa ke da mota ta wannan ɓangaren? Malam Sani kuma in za ka zo da abin hura iskarka, tun bara ban buɗe ta ba, sai a yi darasin ƙurar a kanta.

Sani_Gyara:
Zan zo da shi in sha Allah, da man shafawa. Amma a waje za a hure ta, ba cikin ɗaki ba.